Santimita Biyu: Ni da Tayoyin Tsohuwar Akori-Kurata

Duk wanda ya riƙe tsohuwar akori-kura ya daɗe da ita, wata rana sai zuciyarsa ta raya masa ya ƙara mata girman taya. Wani hanya ce ta matsa masa, wani kuwa ta maƙwabci ya gani ta yi kwarjini. Ni abubuwan biyu ne suka haɗu a kaina. Idan aka tambaye ni a majalisa, hanya nake ambata. Amma tsakanina da Allah, kwarjinin ya fi hanyar ƙarfi a raina.

Motar Toyota Hilux ce mai giyar taimako, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, da injin gas ɗin nan da ake kira 3L, mai lita 2.8, wanda ba shi da turbo kuma ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Inji ne mai haƙuri, ba ya gaggawa kuma ba ya son a sa shi gaggawa. Na saye ta bayan na ajiye aiki, don jigilar taki da masara tsakanin Kano da gonata a ƙasar Doguwa. Daga Kwanar Dangora ka ɗauki hanyar Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore, duk wannan kwalta ce, ko da ramukanta. Gizo yana saƙa ne bayan an sauka daga titi. Da damina ta kankama, taraktoci da manyan motoci sukan tona hanyar gida biyu, su bar doguwar kunya a tsakiya. Wannan kunyar ce ke kama mota ta ciki. Dunƙulen ƙarfen nan na tsakiyar aksul ɗin baya ya hau ƙasa ya zauna daram, tayoyi na ta juyi a laka ba abin da suke takawa, samarin ƙauye kuma sun taru suna jiran a yi cinikin turi.

A nan hujjar mai son babbar taya take, kuma hujja ce ta gaskiya. Kana iya zuwa wurin masu sifirin a ƙara maka ganye, a ɗaga bodi iya son ranka, amma aksul ɗin baya yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke nesanta shi da ƙasa. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, rabin abin da ya ƙara kawai yake samu, domin ɗaya rabin sama ya tafi, cikin madigadi, inda ba ya amfanar kowa sai dai ya jawo rigima.

Tayar da motar ta zo da ita 205R16C ce. Faɗinta milimita 205, wilinta inci 16, tsayinta gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama wajen milimita 735. Wadda raina ya biya kuwa 265/75R16 ce, irin wadda nake gani a motocin ayarin 'yan siyasa, mai faɗi da manyan haƙora. Lissafinta ba wuya. Lambar tsakiya, wato 75, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 75 cikin ɗari ne na faɗinta. Ka ninka wannan biyu, ka haɗa da inci 16 na wili, sai ka samu milimita 804. Bambanci tsakaninta da tawa kusan santimita bakwai ke nan, aksul kuma zai tashi da uku da rabi. Na yi wannan lissafi a bayan ambulan, na ji daɗinsa, na tafi da shi gareji a matsayin hujjar da ba ta da amsa.

Makanikina tsoho ne, ya koyi aiki tun zamanin Land Rover da Bedford, kuma ba ya musu da mai kuɗi a hannu. Ya dubi takardar ya miƙo mini. "Alhaji, ba na ce ba za ta shiga ba. Amma kada ka biya ko kwabo sai an kawo ɗaya mun ɗaura a ƙafar gaba." Sharaɗinsa ke nan. Da farko na ɗauka raini ne irin na tsofaffin ma'aikata ga duk abin da aka rubuta a takarda.

Babbar taya ba ta zama a kan siririn wili, don haka cinikin ya fara daga wili. Wilunan aloyi na hannu jibge suke a kasuwanninmu, daga Ladipo a Legas har Ƙofar Ruwa a Kano, an wanke su an fesa, suna ɗaukar ido. Tambaya ɗaya za a yi maka: rami nawa? Ka ce shida, sai a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ramukan shida na Hilux mai taimako suna zaune a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Nissan Navara da aka fara yi a tsakiyar shekarun 2000 ita ma shida gare ta, amma a kan 114.3, ko da guduma ba za su haɗu ba. Mitsubishi na baya-bayan nan kuwa ramukansu sun yi daidai da na Toyota, har ka fara murna, sai ka tarar ramin tsakiya milimita 67 ne, alhali hob ɗin Toyota yana buƙatar 106. A motata abin ya fi haka tsanani, domin a tsakiyar ƙafar gaba akwai makullin nan da ake murɗawa da hannu kafin a sa taimako, ya turo kai waje. Wilin da bai ba shi hanya ba, ba shi da wurin zama, kuma murfin adon da ke tsakiyar yawancin aloyi dole a cire shi a ajiye a gida.

Akwai masu cewa a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su faɗaɗa ramin. Na ga wanda aka yi wa haka, na kuma ga wanda aka goge ramukan notinsa da zarto har suka zama kamar ƙwai don a tilasta su shiga. Wannan ban kira shi dabara ba. Naman wilin ake ci a daidai wurin da duk nauyin mota yake rataye.

Abin da ya fi cin lokacinmu, wanda kuma ban taɓa jin sunansa ba sai a wannan cinikin, wata 'yar lamba ce a bayan wili. Ka kifa shi, ka goge ƙura da tsumma, za ka ga an buga wani abu kamar 16x7J, kusa da shi kuma haruffan ET da lamba. Wannan lambar ce ke faɗa maka inda fuskar da ke manne da hob take, idan aka auna daga tsakiyar faɗin wilin. In lambar babba ce, taya ciki take shigewa. In ƙarama ce, ko ta koma ƙasa da sifili, taya waje take fitowa. Wasu wiluna na Prado da na ƙyalla ido a kansu, ramuka daidai, tsakiya daidai, da aka ɗaura ɗaya da tayarsa sai tsohon ya kama hannuna ya tura shi bayan tayar. Yatsana bai shiga tsakanin roba da hannun ƙafa na sama ba. A tsaye ke nan, ba a taka komai ba tukuna. Mai kayan ya ce akwai sifesa, wato farantin da ake sakawa tsakanin hob da wili don a turo shi waje. Tsohon bai ko ɗaga kai ba. Siririn sifesa yana cinye zaren da noti zai kama, kuma a motar da ke ɗaukar buhuna a kan burji, ba wurin da ake son ƙarin abin da zai iya kwancewa ba ne.

Sai muka gwada akasin haka, wani mai faɗi wanda ya turo tayar waje sosai. Wannan shi ne ya fi kyau a ido, motar ta buɗe ƙafa kamar a talla. Shi ne kuma na fi jin zafin rabuwa da shi. Bayanin da aka yi mini gajere ne: ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu ka riƙe shi nesa da kai. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka ta san an yi canji. Kafaɗar mota ita ce boris ɗin ƙafa da sauran gaɓoɓin gaba, kuma na motata sun haura shekara ashirin suna aiki. Ban da haka, tayar da ta fito waje tana zana babbar da'ira idan an murɗa sitiyari, ta ci gindin madigadi, ta kuma riƙa watsa laka da tsakuwa a jikin ƙofa da kan duk mai babur ɗin da ya biyo ka.

Ga kuma zancen noti, wanda kusan kowa ke mantawa. Notin wilin ƙarfe bakinsa a fiƙe yake, yana shiga ramin ya zauna a tsakiya. Aloyin da Toyota ke yi da kanta kuwa notinsa shimfiɗaɗɗe ne mai washa, da ɗan wuya da ke shiga cikin ramin. In ka ɗaure wannan da notin wancan, zai yi kamar ya kama, yaron gareji ya hau sifana da ƙafa ya tabbatar maka, amma a kan ɗan siririn layi yake riƙe, kuma burji zai sassauta shi. Aloyi ya fi ƙarfe kauri, don haka zaren da ya rage wa noti yana raguwa. Kaurin ƙusar da notin ke hawa milimita 12 ne, kowane zagaye kuma ɗaya da rabi, ke nan notin da bai yi zagaye takwas ba kafin ya tsaya bai kama yadda ya kamata ba. Tsohon da baki yake ƙirgawa yana murɗawa da yatsu.

Aloyi ya fita daga raina ne a kan wani dalili na dabam. Wani da muka kifa, a bayansa akwai ɗinkin walda da aka goge aka shafe da fenti, ba ka ganinsa sai ka bi da farce. Wilin ƙarfe in ya daki dutse lanƙwasa yake yi, kuma kowane mai faci a Tudun Wada yana da gudumar da zai miƙe shi ka ƙarasa gida. Aloyi tsagewa yake yi, iska ta fice, ka kwana a inda kake.

Da muka samu wilin ƙarfe mai faɗin inci bakwai wanda lambarsa ba ta yi nisa da ta asali ba, aka ɗaura masa 265/75 ɗin da nake mafarki. A kan jak ta juya lafiya, na fara murmushi. Aka sauke, aka shafa wa haƙoranta alli, aka ce in murɗa sitiyari har ƙarshe in ja da baya a hankali, ƙafa ɗaya a kan tudun bakin kwata. Ƙarar da na ji ba ta bukatar fassara. Da muka leƙa, ga farin alli a jikin robar madigadi, ga shi a gefen ƙarfen bodi ta bayan tayar. Ana iya yanka, ana iya bugawa da guduma, ana iya ɗaure sandar sifirin gaba a ɗaga motar. Duk ana yi. Amma ɗaga gaban irin wannan Hilux da yawa yana karkatar da shaf ɗin da ke juya ƙafafun gaba, robobinsa su yi ta yagewa, motar kuma ta yi tauri a kan rami. Kowace gyara tana haifar da wata.

Kuma ko da ta shiga, akwai injin. Tayar da ta fi ta asali da kashi tara cikin ɗari tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan wannan kashin, a kowace giya. Mai sabuwar mota da turbo ba zai ji ba. Mai 3L da buhu goma a baya, a hawan da ke wajen Riruwai, zai ji a jikinsa: inda yake hawa da giya uku sai ya koma biyu, tashi daga tsaye kuma kuloci ne zai biya. Birki ma haka. Faranti da gangar birkin ba su ƙaru ba, amma abin da aka ce su tsayar ya ƙara tsawo da nauyi. Hawa in ya gagara, kunya ka sha. Gangara in ta gagara, ba a ba da labari da daɗi.

A ƙarshe 245/75R16 na saya, irin ta ɗaukar kaya mai harafin LT. Tsayinta milimita 774. Abin da na ƙara wa aksul, bayan duk wannan zirga-zirga da kuɗin da uwargida ta ce da an yi rufin shago da su, santimita biyu ne. Ɗana ya auna da yatsu biyu ya nuna mini yana dariya.

Harafin LT ɗin ba ado ba ne. Da yawa daga cikin faffaɗan tayoyin da ke kasuwa na jif-jif ɗin birni ne, masu taushin gefe, an yi su don jin daɗin zama. Bayan lambar girma akwai wata lamba da ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka. Ta asalin motata 110 ce, wato kilo 1,060. Wadda na saya 120, kilo 1,400. Babbar taya tana iya zama ba ta fi ƙaramar ƙarfi ba, musamman a gefe, inda kututturen kara da ƙaya da bakin dutse suke sara. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Ƙarfin taya bai ƙara wa sifirin ko aksul ko shasi komai ba. Motar ta ɗaukar kusan tan ɗaya ce, jiya da yau. Buhun masara mai kilo ɗari, goma ke nan, kuma direba da yaran mota ma nauyi ne. Na san a kasuwar Dawanau za a yi wa wannan magana dariya, domin a can sai bodi ya kusa taɓa taya ake cewa an yi lodi.

Sabuwa na saya, ba Beljiyam ba, kuma wannan ne ya fi cin aljihu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa, mai kyau da marar kyau a jirgi ɗaya. Ba na zagin mai sayen ta hannu, don na san abin da ya kai shi. Amma ya duba gefenta, inda aka rubuta DOT, ya nemi lambobi huɗun ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Michelin da kanta cewa take a riƙa duba taya duk shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma ko da haƙoranta na nan, kuma ba da zafin kwaltar Kano a watan Afrilu kaɗai ta yi wannan lissafi ba. In kuma ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, a kan taya mai yawan ƙananan tsage-tsage a haƙora, ka yi hattara, akasari ta hunturun Turai ce. Robarta taushi gare ta, haƙoranta na da kyan gani a shago, zafinmu kuwa yana cinye ta da wuri. Sabuwar ma a duba mata wannan lambar, don taya tana tsufa a sito.

Biyar na saya. Wannan ma sai da aka ja ni. Safaya mai tsohon girma a mota mai manyan tayoyi tana kai ka wurin mai faci ne kawai, a hankali. In ka sa taimako da ita, gaba da baya suna juyi ba daidai ba, kuma irin wannan Hilux ba ta da abin da zai raba musu gardama a tsakiya, giyar ce ke sha. Sabuwar safayar ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi da ƙyar, ta bar ɗan tazara tsakaninta da salansa. Da 265 ce, da sai dai ta hau baya ta cinye wurin buhu.

Abin da ya biyo baya ba abin mamaki ba ne. Allurar gudu ta koma faɗin ƙasa da gaskiya: in ta nuna 100, ina kusa da 105. Mitar kilomita ma haka, tana rubuta ɗari alhali an yi ɗari da biyar, don haka wanda ke lissafin mai da ita zai ga kamar motar ta fi shan da take yi. Ta ƙara sha, ba musu, amma ba kamar yadda mita ke kuka ba. Juyen baƙin mai kuma na matso da shi kusa kaɗan saboda wannan. An yi saitin ƙafa, an yi balansin, na koma aka sake ɗaure notina bayan tafiyar farko, na kuma sayi gejin iska nawa na kaina, don ina son in auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, ba a bakin titi da rana tsaka ba. A hawa na rasa ɗan ƙarfi, wanda ni da ke zaune a ciki kaɗai na sani.

Santimita biyun kuwa sun yi aiki fiye da yadda ɗana ya zata. Yawancin wuraren da motar ke zama a da, gogar ƙasa take yi yanzu ta wuce, domin dama da ɗan kaɗan take kamawa. Facin da nake yi lokacin kaka ya ragu sosai, kuma wannan na fi danganta shi da ƙarfin gefen tayar, ba girmanta ba. Amma akwai wani mashigi guda kafin gonar da har yau, in Agusta ta yi Agusta, nake ajiye motar a gidan mai unguwa in hau babur. Santimita uku da rabi ma ba za su fitar da ni a wurin ba, na ga tarakta ta kwana a ciki.

Ban warke daga son kwarjini ba. In wata ta wuce ni a titin Zariya da faffaɗan tayoyi sun fito waje, har yanzu ina bin ta da kallo, wani lokaci har in ji tawa ta yi mini kama da ta masu kai burodi. Abin da ya canza shi ne yanzu na san abin da mai ita yake biya, a gidan mai da wurin mai boris, ko ya sani ko bai sani ba. In sabuwa ce kuma yana da hali, ba ruwana, kuɗinsa ne.

Amma kai mai tsohuwa irin tawa, in hanyarka ce ke kama ta ta ciki, ƙara mata mataki ɗaya, ka je da motar da makanikinka a ɗaura a gaba a murɗa kafin kuɗi su bar hannunka. In kuwa ba ta sauka daga kwalta, bar mata 205 ɗinta, ka sayi sababbi masu kyau, ragowar kuɗin ka kai wa birki.